SHARHI: Zaɓen Salansar Akori-Kura Mai Dizal A Lafiya, Lissafi Ya Kamata Ya Riga Walda

LAFIYA: Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Makurɗi cikin garin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, a tsakiyar kaka, zai ga irin nauyin da motocin akori-kura suke ɗauke wa tattalin arzikin wannan yanki. Su ne ke shiga ƙauyukan Doma su fito da buhunan riɗi da shinkafa, su ne ke kai doya kasuwar Agyaragu da ta Assakio, su ne kuma ke bin hanyar Obi zuwa Keana da Awe ɗauke da taki da siminti da kayan masarufi. Babbar mota takan jira a bakin kwalta, amma shiga lungu da ƙetare rafi aikin akori-kura ne.

Ga ɗan kasuwar da ya mallaki irin wannan mota mai amfani da man dizal, wanda aka fi sani da man gas, motar ita ce rabin jarinsa, ga wani ma ita ce jarin gaba ɗaya. Saboda haka duk shawarar da za a ba shi a gareji game da ita, shawara ce a kan dukiyarsa. Ɗaya daga cikin shawarwarin da yakan ji, musamman idan tsohuwar salansa ta ɓule ko mota ta fara nauyin tashi, ita ce ya yar da wadda kamfani ya sa, ya ɗaura wata mai faɗin bututu, ko ma a yanke tukunyar a miƙe bututun ɗungurungum. Akan yi masa alkawari uku, wato ƙarin ƙarfi, da ragin shan mai, da sanyin inji.

Kowane ɗaya daga cikin alkawuran nan yana da ƙamshin gaskiya, sai dai gaskiyar ta dogara ne ga irin injin da ke cikin motar, kuma ribar da ake samu ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Salansar da ta dace da motar kasuwa ita ce wadda ta yi daidai da injinta, wadda kuma za ta yi shekaru ba ta mai da mota gareji ba. Wanda ya zaɓa da kunne, don daɗin ruri, shi ne zai biya sau biyu.

Abin Da Ya Sa Batun Ya Zama Na Aljihu

Ba abin mamaki ba ne idan kunnen mai mota ya karkata ga duk wanda ya yi masa alkawarin ragin shan mai. Gwamnatin Tarayya ta daɗe da janye hannunta daga ƙayyade farashin dizal, tun shekaru kafin a cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023. A farkon 2022 litar dizal ba ta kai Naira 300 ba. Kafin ƙarshen wannan shekarar, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, ta kai wajen Naira 800, sa'an nan ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2023. Ko da matatar Dangote da ke Legas ta fara sayar da nata dizal a 2024, har ta rage farashin sari daga Naira 1,200 zuwa Naira 1,000 a watan Afrilu na shekarar, farashin bai koma gidan jiya ba.

Bugu da ƙari, sakin darajar Naira a watan Yuni na 2023 ya sa kayan gyaran da ake shigowa da su daga ƙasashen waje suka yi tashin gwauron zabo. A watan Fabrairu na 2025 kuma aka fara karɓar kuɗin bin hanya a tagwayen titin da ya taso daga Keffi ya bi ta Akwanga da Lafiya zuwa Makurɗi. Wato kowace tafiya ta ƙara tsada daga fuskoki da dama, alhali manomi da ɗan sari ba sa amincewa da ƙarin kuɗin dako cikin sauƙi. A irin wannan hali kowace lita abar lissafi ce, haka nan kowace Naira da aka kai gareji. Wannan ne ya sa bai kamata a yanke shawarar sauya salansa a tsaye a bakin rumfar walda ba.

Inji Uku, Hukunci Uku

Injin mota numfashi yake yi. Yakan shaƙi iska, a fesa masa mai, man ya ƙone, sa'an nan ya tura hayaƙin waje. Duk abin da ya ƙuntata hanyar fitar hayaƙi yakan sa inji ya ɓatar da wani ɓangare na ƙarfinsa wajen turawa. Aikin salansa shi ne ta kwashe wannan hayaƙi mai zafi daga inji zuwa bayan mota, ta rage ƙara, a sababbin motoci kuma ta tace shi kafin ya fita. Tambayar farko ke nan da ya kamata mai mota ya yi wa kansa: wane irin inji yake da shi? Domin akori-kurar dizal da ke yawo a wannan yanki ta kasu gida uku.

Kashi na farko su ne tsofaffin injuna marasa turbo, irin su 2L da 3L da 5L na Toyota Hilux, masu girman lita 2.4 da 2.8 da 3.0, da 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser, da TD27 na Nissan. Irin waɗannan iskar da fistan ya iya zuƙa da kansa ita ce iyakar abin da suke samu. Komai faɗin bututun da aka ɗaura masu, ƙarin ƙarfin da za a samu ɗan kaɗan ne, har direba ba zai rarrabe ba in ba don ƙarar da ta ruɗe shi ba. Abin da ya fi dacewa da su shi ne salansa mai faɗi daidai da ta kamfani, amma da ƙarfe mai kyau.

Kashi na biyu su ne masu turbo waɗanda mafi yawansu ba su da matatar kunkunniya, irin su 2KD da 1KD na Hilux da aka ƙera daga wajen 2005 zuwa 2015, da 4D56 mai turbo na Mitsubishi L200, da YD25 na Nissan Navara. Shi turbo wata farfela ce da hayaƙi yake juyawa domin ta cusa ƙarin iska cikin inji, kuma gwargwadon sauƙin da hayaƙin ya samu wajen wucewa bayan ya juya ta, gwargwadon saurin kamawarta. A nan ne sauya salansa yake da hujja. Bututu mai ɗan faɗi da tukunyar da hayaƙi ke ratsawa kai tsaye sukan sa mota ta amsa da wuri, su kuma ɗan rage zafin hayaƙi idan tana hawan tudu da lodi, kamar hawan tsaunukan da ke tsakanin Nasarawa Eggon da Akwanga.

Kashi na uku su ne sababbi, irin su 1GD da 2GD na Hilux da suka fito daga 2015, musamman waɗanda aka ƙera domin kasuwar Turai aka shigo da su na hannu. Su salansarsu ba bututu da tukunya kawai ba ce. Akwai matata a ciki, da na'urorin da ke auna zafi da matsi suna kai rahoto ga kwamfutar mota. Hukuncinsu daban ne, kuma bayaninsa yana tafe.

Faɗin Bututu

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa duk abin da ya fi girma ya fi amfani. Bututun kamfani a irin waɗannan motoci yakan kasance tsakanin inci 2 zuwa inci 2.5. Idan aka tashi daga inci 2.5 zuwa inci 3, ido zai ga ƙarin rabin inci ne kurum, amma hanyar da hayaƙi zai bi ta ƙaru da kimanin kashi 44 cikin 100. Wannan ya ishi kowane inji mai turbo da bai wuce lita 3 ba, ya ma yi saura. Bututu mai inci 4 kuwa hanyarsa ta ninka ta mai inci 2.5 fiye da sau biyu da rabi.

Waɗancan manyan bututu masu inci 4 da 5 da ake gani a hotunan intanet an yi su ne domin akori-kurar Amurka, irin su Ford da Ram masu injin lita 6.7, waɗanda suka ninka na Hilux fiye da sau biyu. Ɗaura irinsu a kan inji mai lita 2.5, linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza. Ga nauyi da zai riƙa jan wuyan turbo, ga matsi a ƙarƙashin mota inda zai goga tankin mai ko tayar sifeya, ga saukowa ƙasa inda kututture ko dutsen hanyar gona zai doke shi.

Akwai kuma wani haɗari da ke biyo baya. Da zarar an buɗe wa hayaƙi hanya, wasu sukan ce a ƙara wa famfon inji mai domin a ci moriyar sabuwar salansa. Ƙarin mai ba tare da isasshiyar iska ba ƙarin zafi ne. Fistan da sanholo ake yin sa, shi kuwa sanholo yakan narke a wajen digiri 660 na ma'aunin Salshiyas. Sanyin da ruwa da baƙin mai ke ba shi ne ke kare shi, kuma wannan kariya tana da iyaka idan hayaƙi ya daɗe yana haura digiri 700 a kan doguwar hawa. Wanda duk ya taɓa famfo ya kamata ya sa ma'aunin zafin hayaƙi a gaban direba. In ba haka ba, garin neman gira a rasa ido.

A Fara Duba Cutar

Sau da yawa salansa ba ta da laifi a nauyin da mota take yi. Baƙin hayaƙi alama ce ta man da bai ƙone sosai ba, ko don ya yi yawa ko don iska ta yi kaɗan. Dalilansa sanannu ne: matatar iska da ƙurar hunturu da ta hanyoyin karkara suka toshe, ko nozul da suka gaji suna zubar da mai maimakon fesawa, ko famfon da aka saita ba daidai ba, ko tiyon turbo da ya tsage yana ɓarar da iska. Shuɗin hayaƙi yana nuna baƙin mai ne ke ƙonewa, ko ta zoben fistan ko ta turbo. Fari mai ɗorewa bayan inji ya yi zafi kuwa yana iya zama ruwa ne ke shiga, ko mai ne ke fita bai ƙone ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sabuwar salansa za ta warkar. Hasali ma takan ɓoye cutar ne na ɗan lokaci, domin sabon ruri yakan sa direba ya ɗauka ƙarfi ya dawo. Tsarin da ya dace shi ne a sauya matatar iska da ta mai, a kai nozul wurin masu gwaji, a duba tiyo da saitin bawul, sa'an nan in har an tabbatar tukunya ce ta toshe ko ta ruɓe daga ciki, a zo kan batun salansa. Wanda ya juya wannan tsari ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Ƙarfe Da Hannun Mai Walda

Idan sauyin ya tabbata, inda ya kamata kuɗi ya tafi shi ne ƙarfe. Daminar Lafiya doguwa ce, takan kama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma motar da ke shiga fadama da ƙetare rafi ƙarƙashinta ba ya rabuwa da laka. Wannan tsatsar waje ke nan. Ta ciki kuma ta fi ta ɓarna, domin a gajerun tafiye-tafiye tururi yakan daskare ya zama ruwa a cikin tukunya, ya haɗu da farar wutar da ke cikin mai, wato salfa, ya zama ruwa mai cin ƙarfe.

Baƙin ƙarfe tsantsa shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi saurin ɓulewa. Sama da shi akwai wanda aka shafe da sanholo, wanda yakan jure har sai shafen ya kankare, musamman a wurin walda. Sai kuma farin ƙarfe marar tsatsa, wanda ya kasu biyu a wannan sana'a. Mai lamba 409 yakan yi ja-ja a fuska amma ba ya saurin ɓulewa, kuma shi kamfanonin mota da yawa suke amfani da shi. Mai lamba 304 ya fi shi jure tsatsa, ya kuma fi shi tsada. Ana iya rarrabe su da mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, domin yakan kama 409 sosai, amma da ƙyar yake kama 304. Duk wanda aka ce masa ya biya kuɗin 304, ya je da mayen ƙarfe a aljihu. Ga motar aiki, 409 ya wadatar.

Abin da bai kamata a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne bututun famfo mai shafen tutiya. Yana da nauyi, kuma hayaƙin da shafen ke fitarwa idan wuta ta taɓa shi yana cutar da mai walda.

Lanƙwasa ma abin dubawa ce. Bututu mai inci 3 da aka lanƙwasa ya ƙuntace a gwiwa, amfaninsa ya koma na wanda bai kai shi ba. Gwanayen masu walda sukan cika bututu da busasshen yashi kafin su gasa su lanƙwasa, ko su sayi gwiwoyin da aka riga aka yi a masana'anta su haɗa. Haka nan wajibi ne a bar gaɓa mai motsi kusa da inji domin ta shanye girgiza, a rataye salansa da robobinta maimakon a liƙa ta da walda a jikin shasi, a mai da garkuwar zafi inda take, a kuma haɗa gaɓoɓi da noti yadda za a iya kwancewa. Hanyar gona ba ta yafe wa salansar da aka ɗaure tam.

Batun Matatar Kunkunniya

A nan ne mai sabuwar mota yake da ƙorafi na gaskiya, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Matatar da kanikawa ke kira DPF tana kama kunkunniyar hayaƙi ne, ta tara, sa'an nan inji ya ƙone ta da zafin da ya kai wajen digiri 600. An ƙera ta domin man Turai, wanda tun 2009 salfar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A ƙasar nan kuwa an daɗe ana halatta dizal mai kashi 3,000 cikin miliyan. Ga kuma gurɓataccen mai da wanda aka cakuɗa da kananzir. Motar da ke wuni tana tafiyar hawainiya a hanyar gona da irin wannan mai, matatarta za ta toshe, fitila ta kama a gaban direba, kwamfuta ta rage wa inji ƙarfi. Shi ya sa wasu suke ganin mafita ita ce a fasa matatar a zubar da cikinta.

Amma wannan mafita tana da nata bashin. Na farko, cirewa ba ta tsayawa a walda, dole sai an taɓa kwamfutar mota an ruɗe ta, kuma idan aikin bai yi kyau ba za ta ci gaba da fesa ƙarin mai domin ƙone matatar da babu ita, man ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Na biyu, ingancin mai ya kama hanyar sauyawa. A watan Disamba na 2016 Nijeriya da Binin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince a Abuja da ma'aunin kashi 50 cikin miliyan. A watan Fabrairu na 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka tabbatar da shi a Wagadugu, Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 kuma ta ɗaure a kansa. Wanda ya fasa matatarsa ya lalata abu mai tsada saboda matsalar da doka ta riga ta sa gaba. Na uku, mai saye da ya san mota zai rage kuɗi ranar da aka zo sayarwa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a riƙa sayen mai a gidan da aka amince da shi, a yi amfani da baƙin mai marar yawan toka wanda aka yi domin irin waɗannan injuna, a kuma riƙa ba motar doguwar tafiya a kan kwalta ba tare da tsayawa ba. Daga Lafiya zuwa Akwanga, kimanin kilomita 60, ya isa matata ta ƙone abin da ta tara. In ta riga ta toshe, ana iya kwance ta a wanke. Wanda kuma aikinsa gaba ɗaya na cikin gona ne, tun wurin saye ya kamata ya nemi motar da aka ƙera domin kasuwar Afirka.

Ko a Amurka, inda wannan yayi ya fi ƙarfi, hukuma ba ta kau da kai ba. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta a 2020 cewa an cire na'urorin tace hayaƙi daga akori-kurar dizal fiye da rabin miliyan cikin shekaru goma, ta kuma bi masu sayar da kayan cirewar da tara. A watan Disamba na 2023 kamfanin Cummins ya amince da biyan tarar Dala biliyan 1.675 saboda dabarun kauce wa gwajin hayaƙi a injunan motocin Ram.

Ƙara, Lafiyar Jiki Da Doka

Sanin kowa ne cewa akori-kura a wannan yanki ba kaya kaɗai take ɗauka ba. 'Yan lodi da mata masu kai amfanin gona kasuwa sukan hau baya. Bakin salansar da aka yanke ya tsaya a ƙarƙashin bodi, ko wanda aka ɗaga ya miƙe a bayan kan mota, su yake fara bai wa hayaƙi, sa'an nan ya baƙanta buhunan riɗi da garin rogo. A watan Yuni na 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. Ya kamata bakin salansa ya fito ta baya ko ta gefe bayan tayar baya, yana kallon ƙasa.

Ƙara ma cuta ce, ko da yake a hankali take ci. Masana lafiyar ma'aikata sun yi ittifaƙi cewa zama cikin ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 na awa takwas kullum yana lalata ji. Direban da ke wuni cikin gunjin miƙaƙƙen bututu yakan gaji da wuri, ba ya kuma jin ƙwanƙwasar inji ko kukan taya da za su gargaɗe shi tun abin bai yi nisa ba.

Ta fuskar doka kuwa, ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na ƙasa na 2012 sun wajabta salansa mai aiki, kuma fitar da hayaƙi fiye da kima yana cikin laifuffukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take cin tara a kansu. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idar ƙara ta 2009 da ta hayaƙin motoci ta 2011. Ko da aiwatarwa tana da rauni, motar da ke ruri ita ce ido ya fi faɗawa kanta a kowane shinge, kuma kowace tsayawa lokaci ne da aka ɗebe daga ciniki.

Lissafin Da Ya Kamata A Yi

A ƙaddara, alal misali, mota tana shan lita 10 a kowane kilomita 100, tana kuma yin kilomita 3,000 a wata. Lita 300 ke nan. In sabuwar salansa ta rage kashi 2 cikin 100, an tsira da lita 6 a wata, wato lita 72 a shekara. Mai mota ya ninka wannan da farashin da yake saye, ya kwatanta da kuɗin salansar da na aiki, zai ga shekara nawa za ta ɗauka kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sa'an nan ya tambayi kansa nawa yake samu a rana ɗaya ta tsakiyar kaka, domin abin da zai rasa ke nan duk ranar da walda ta tsage mota ta kwana a gareji. Taya mai ƙarancin iska, da lodin da ya wuce ƙa'ida, da barin inji yana aiki a tsaye, kowannensu yana iya cin man da ya fi wannan, kuma gyara su kyauta ne.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya. A cika tanki maƙil, a rubuta lambar tafiya, a bi hanya ɗaya da lodi iri ɗaya, kamar Lafiya zuwa Makurɗi da dawowa, a sake cikawa a rubuta litar da ta shiga. A yi haka sau uku kafin sauyi, sau uku bayan sauyi. Littafin ciniki ba ya jin ƙara.

Kasuwa Da Masu Ruwa Da Tsaki

Kayan gyara sukan iso Lafiya ne daga manyan kasuwanni irin su Ladipo a Legas, da Nnewi, da Apo a Abuja, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. A cikinsu akwai nagari, akwai jabu, akwai na hannu da aka yi wa fenti. Ya kamata mai saye ya ɗaga tukunya ya ji nauyinta, ya girgiza ya saurara, ya leƙa ciki da tocila, ya karɓi rasit mai ɗauke da irin ƙarfe da faɗin bututu. Haka zalika ya karɓi tsohuwar salansarsa, musamman idan tana da matatar nan mai kama da saƙar zuma da kanikawa ke kira indomi, domin akwai ƙarafa masu daraja a cikinta kuma tana da kasuwa. Ba kowace shawarar cirewa ce ake bayarwa domin amfanin mota ba.

Akwai kuma damar zuba jari. Na'urar lanƙwasa bututu ba tare da ƙuntata shi ba, da injin waldar farin ƙarfe, da wurin wanke matata, sana'o'i ne da garin da ke tsakiyar hanyar Abuja da Binuwai zai iya ɗauka. Ya dace ƙungiyar kanikawa ta NATA da ƙungiyoyin masu motocin sufuri su haɗa kai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai I da ke Lafiya wajen horar da matasa a wannan fanni, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON kuma ta sa ido a kan abin da ake sayarwa da sunan farin ƙarfe.

A taƙaice, mai tsohon inji marar turbo ya mai da irin ta kamfani da ƙarfe mai kyau. Mai turbo marar matata yana iya ƙara faɗi har inci 3, ya bar tukunya a wurinta, ya kuma bar famfo yadda yake. Mai matata ya kula da ita, ya zaɓi mai. Dukkansu kuma su fara da duba lafiyar inji, su ƙare da duba littafi. Ranar da ɗan sari ke jiran doyarsa a Agyaragu, ba zai tambayi yadda motar take kuka ba, lokacin isowarta zai duba. Hausawa sun riga sun yanke hukunci tun da daɗewa: ba girin-girin ba, ta yi mai.